AMBALIYAR YANKIN FUNTUWA DAGA BAKIN ƘOFA TAKE FARAWA

Wannan shi ne jawabin da wani malami ya gabatar ga samari a harabar wata makarantar Islamiyya da ke cikin garin Funtuwa bayan sallar La'asar, a daidai lokacin da 'yan uwa ke shirin fitowa aikin gayyar yashe magudanan ruwa kafin damina ta kankama. Ban da mutanen gari, akwai waɗanda suka zo daga Bakori da Ƙafur da Malumfashi. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon tsira (S), Malam ya fara da tambayar mahalarta ko akwai wanda zai iya faɗa masa sunan babban kogin da ke barazanar cinye garin Funtuwa. Wuri ya yi tsit. Sai ya ce to shirun nan shi ne amsa, domin babu shi. Ya ce Allah Ya ɗora wannan yanki a kan tudu, daga nan ruwa ke tashi ya tafi wa wasu. Gulbin Sakkwato da ake ji, tushensa a nan kusa da Funtuwa yake, ya bi ta Gusau, ya je ya haɗu da Rima, ya ƙarasa cikin Kwara. Mutanen Lakwaja da Makurɗi idan ruwa ya ci su suna iya cewa daga wata ƙasa ya taso musu. Mu kuwa namu daga sama yake sauka a kan rufinmu, ya biyo indararo ya faɗo tsakar gida, ya fita ta rariya yana neman hanya. In ya sami hanya ya wuce abinsa. In bai samu ba ya dawo ya kwana da mu.

Ya ce ba yana nufin kowace ambaliya laifin mutanen unguwa ba ne, kada wani ya fita ya ce haka Malam ya ce. Akwai wadda ta fi ƙarfin shebur da baro. Madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Kano a 1988. Ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta mamaye Maiduguri. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A Mokwa ta jihar Neja, a watan Mayu na 2025, an rasa sama da mutum 150 cikin 'yan sa'o'i. Nan cikin jiharmu kuma ba a manta da Jibiya ba, a watan Yuli na 2018, inda ruwan dare ɗaya ya ci rayuka sama da 40 da ɗaruruwan gidaje. Malam ya yi wa waɗanda suka rasu addu'a, sannan ya ce irin waɗannan sai hukuma ta tashi tsaye a kan madatsu da manyan hanyoyin ruwa, kuma wajibi ne a ci gaba da faɗa mata. Amma ruwan da ke shiga ɗakin tsohuwa a lungunmu duk watan Agusta, ya jiƙa mata tabarma da ɗan buhun masararta, wannan ba madatsa ce ta ɓalle ba. Kwalbati ne ya toshe.

Daga nan Malam ya ce bari a yi ɗan lissafi, tunda akwai 'yan makaranta a wurin. Wannan yanki yana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa a cikin wata biyar yake sauka, shi ya sa ma ya zama rumbun jihar Katsina, ga masara ga dawa ga auduga ga waken suya. Milimita ɗaya idan ta sauka a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ce. To a ɗauki filoti mai ƙafa 50 tsawo ƙafa 50 faɗi, a ce an yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a cikin marka. Ruwan da ya sauka a wannan ɗan gida ya haura lita 11,000, wato kusan durum 58. Gida ɗaya kenan. A lissafa gidajen layi guda, a lissafa na unguwa. A da rabin ruwan nan ƙasa ke shanyewa. Yanzu rufi na kwano ne, tsakar gida an malale da siminti, ƙofar shago an yi daɓe, duk ɗigon da ya sauka sai ya fito titi. Sannan a ce duk wannan ruwa ya bi ta wani ɗan kwalbati da aka cika da leda da robar lemo da tsumma da kunzugun yara. Ya ce ina hankali a nan?

Ya ɗan daɗe a kan maganar kududdufi. Ya ce iyayenmu da suka haƙi ƙasar gini a gefen unguwa ba su bar ramin a banza ba. Kududdufin nan shi ne randar unguwa, shi ke karɓar ruwan farko ya riƙe shi, ya riƙa sakinsa a hankali cikin ƙasa, rijiyoyin kusa ma su amfana. Gaskiya ne yana tara sauro, kuma ya sha cin yara, ba a musun wannan. Amma da fili ya yi tsada sai aka bi kududdufai ana cikewa da bola, ana yankawa ana sayarwa, ba tare da an yi wa ruwan wata hanyar ba. Ruwa kuwa ba ya manta gidansu. Wanda ya sayi wurin da arha yana murna, shekara uku sai ga katanga ta tsage. Ya ƙara da cewa matsalar tsaro da ta koro bayin Allah daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume a shekarun baya-bayan nan ta ƙara wa garuruwa cunkoso, kuma wanda ya gudo da ransa ba shi da zaɓin wurin zama, inda ya fi arha nan zai sauka, inda ya fi arha kuwa shi ne kan hanyar ruwa. Saboda haka idan ruwan ya zo, mafi rauni a cikinmu yake fara dukawa.

Game da leda, Malam ya ce yawancin waɗanda ke zaune a gabansa ba su san zamanin da ake ƙunshe ƙosai a ganye ko a takarda ba, ana zuwa cefane da kwando, ana sayen mai a kwalba. Waɗancan, in ban da kwalba, duk ƙasa tana cinye su. Ruwan leda da ake cewa fiya wata a wajen shekarun 1990 ya bazu, yau kuwa ba wanda zai iya ƙirga nawa ake yarwa a tasha ɗaya a wuni ɗaya. Ita leda ba ta ruɓewa a tsawon rayuwar wanda ya yar da ita. Ya ce wanda ke shakka ya je mayanka ya tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin shanu da awaki. Ya je kuma gonakin da ke kewaye da gari inda aka kai takin juji, ya ga yadda kunya ke ƙyalli da leda, garma tana tono ta shekara da shekaru. Manomi ya biya kuɗin amalanke don ya kai wa gonarsa abinci, ya kai mata cuta. Ƙona ta kuma ba mafita ba ce, hayaƙin guba ne, a ƙirjin yara da tsofaffi yake sauka.

Sai ya juyo kan abin da ya tara mutane. Ya ce an taɓa gwada tsaftar dole a ƙasar nan. A zamanin En'e akwai duba-gari, yana shiga har cikin gida ya leƙa randa. A 1985 gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta sa tsaftar muhalli cikin shirinta na yaƙi da rashin ɗa'a, aka riƙa tsare mutane a gida ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, wanda aka kama a titi ya sha tsallen kwaɗo ko bulala. Gari ya yi fes na ɗan lokaci. Da bulalar ta tafi, tsaftar ta bi ta. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma duk Asabar ɗin ƙarshen wata jama'a na fitowa aikin gayya, har ana misali da tsaftar birnin Kigali, amma su ma da ƙarfin doka ne, kuma hukumarsu tana kwashe abin da aka tara. Mu ba mu da bulala, ba ma kuma nemanta. Abin da muke da shi shi ne gayya, kuma mun gaje ta tun kafin a san wata ƙasa Nijeriya. Da gayya aka yi ganuwar birane, da ita ake nome gonar surukai da ta marar lafiya, da ita ake ɗaga jinka. Ba a biyan kowa, sai fura da kiɗa, kuma saurayin da ya noƙe ya san abin da zai ji a dandali.

Malam ya tunatar da cewa addini bai ɗauki wannan aiki ƙarami ba, domin kawar da abin cutarwa daga kan hanya an lissafa shi cikin rassan imani, an kuma yi hani mai tsanani a kan ɓata hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu. Ya ce abin mamaki, sai ka ga saurayi ya yi wankan Juma'a, ya sa farar shadda, ya fesa turare, ya tsallake kwatar ƙofar gidansu da ta yi wata shida a toshe, ya tafi sahun gaba. Sai ka ga an tashi daga wa'azi ko maulidi ko ɗaurin aure, filin ya koma kamar an yi ruwan leda. Ya ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma shi da kansa bai fitar da wannan taro daga ciki ba, in an tashi a duba ƙarƙashin tabarmi.

A nan ne Malam ya ce zai faɗi abin da ya fi damunsa, wato yadda ake lalata gayyar da hannun masu yinta. Ya ce an saba gani: samari su fito da safe da ƙarfinsu, su yashe lambatu, su tara baƙar laka da leda tsibi-tsibi a bakin titi, a ɗauki hoto a sa a Facebook, kowa ya watse. Tsibin ya kwana, ya yi mako. Awaki su baje, babura su tattake, yayyafin farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. An sha wahala, an jawo wa masu shaguna wari, magudana tana nan yadda take. Saboda haka sharaɗin farko, kada a sa shebur a kwata sai an san abin da zai kwashe da inda za a kai. In amalanke biyu aka samu, a yashe daidai abin da amalanke biyu za su iya kwashewa kafin Azahar. Layi ɗaya da aka gama ya fi unguwa guda da aka tone aka bari.

Ya ce kuma daga ƙasa ake farawa a yi sama. Wanda ya buɗe magudana ta saman unguwa alhali ta gangare tana toshe, bai yi komai ba illa ya tattara ruwan ya aika wa maƙwabtansa na ƙasa da sauri. An sha yin rigima tsakanin layi da layi a kan wannan. A bi ruwan da ƙafa tukuna, a ga inda yake fita gari, a fara daga can. Wanda bai san hanyar ruwan unguwarsu ba ya tambayi tsofaffi, za su nuna masa har inda rafi yake kafin a yi gini a kansa.

Abin da aka ciro kuma a raba shi biyu. Laka da toka da kashin dabbobi taki ne, in an tsince ledar manoma za su zo da kansu su ɗauka. Roba da ƙarfe da gwangwani akwai 'yan bola jari, kuɗin a sayi safar hannu da manjagara. Ya ja kunnen samari kada wanda ya shiga kwata ba takalmi don nuna jarumta. Akwai fasasshiyar kwalba, akwai allurar da aka yar, akwai tsatsar ƙusa, kuma ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni yana kisa. Wanda ya yanke ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta ya tafi asibiti a ranar, ba a shafa ƙasa ko man birki ba. Ba a sa yaro ƙarami ya rarrafa cikin kwalbati. Ba a kuma buɗe tsohon rami rufaffe a zura kai, iskar da ke ciki tana iya sumar da ƙato.

Malam ya yi gargaɗi na musamman a kan ladabi. Ya ce ba a aiko kowa ya zama duba-gari ba. Kafin a fito a je a gaida mai unguwa, a sanar da limamin masallacin layin, a roƙi masu shaguna. In aka ga yaro ya zo zuba shara a kwata, kada a doke shi, kada a zagi uwarsa. A tambayi kai, ina aka tanadar mata? Matar da ke cikin gida ta ba almajiri naira hamsin ya zubar mata da shara, bola tana da nisan rabin kilomita, ina ake zaton zai kai? Muddin ba a sami wurin zubawa kusa ba, da wanda zai riƙa kwashewa, to kwata ce bola. Wannan shi ne abin da ya kamata dattawan unguwa su je su nema a ƙaramar hukuma, a rubuce, da sa hannun jama'a, a koma a sake komawa. Yin gayya ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Amma wanda ya je da kanta a hannunsa, ya ce mun yashe namu saura tifa, maganarsa ta fi ta wanda ya je da baki kawai nauyi. Ya ƙara da cewa in ɗan siyasa ya kawo baro a karɓa a yi godiya, amma in ya ce sai an sa rigar da ke da hotonsa, a mayar masa da baronsa.

Sannan ya shiga bayanin abin yi idan ruwan ya riga ya yi ɓarna. Ya ce da farko rai. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum, saboda haka ba a tsallaka shi don ceto akuya ko babur. A nisanci turakun lantarki da wayar da ta faɗo. A fitar da tsofaffi da yara daga ɗakin ƙasa da gindinsa ya sha ruwa, ko da ruwan ya janye, domin ginin ƙasa ba lokacin da ake ruwan kaɗai yake faɗuwa ba, sau da yawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, cikin dare, mutane sun koma sun kwanta. Wajen ɗaga buhuna da itace a yi hattara, macizai da kunamu su ma tudu suke nema.

Bayan rai sai ruwan sha, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. A gidajenmu tsakanin masai da rijiya taku kaɗan ne. Idan ruwa ya malale tsakar gida, abin da ke cikin wannan ya shiga waccan, ko da ido bai gani ba. Ya tunatar da annobar amai da gudawa ta 2021, wadda aka ba da rahoton ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 3,000, kuma jihar Katsina tana cikin waɗanda suka ji jiki. Rijiyar da ambaliya ta shiga sai an kwashe ta, an nemi ma'aikatan lafiya sun sa mata sinadarin kulorin, kafin nan kuma duk ruwan da za a sha a tafasa shi. Ya ce kowane ɗan uwa ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mai gudawa yana kurɓa ana kan hanyar asibiti, ba a zauna a gida ana jiran ya tsaya ba. Duk wani gwangwani da tsohuwar taya da kwatamin da ruwa ya kwanta a zubar ko a cike, domin cikin kwana goma ƙwan sauro ya zama sauro.

Hatsin da ya jiƙe a fitar da shi a shanya tun a ranar. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna ba ta ciyuwa, gubar da ke cikinta hanta take lalatawa, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ya ce haramun ne mutum ya shanya irin wannan ya gauraya da mai kyau ya kai kasuwar Ɗandume ko ta Bakori.

Game da tada katangar da ta faɗi, Malam ya ce a fara da gidan da ba namiji, gidan marayu da na gwauruwa da na tsoho marar ɗa, domin katanga ita ce suturar gida, matan da tasu ta faɗi ko alwala ba sa iya fitowa yi. Ko da zana ce a kafa musu a ranar kafin a buga tubali. Kuma ya hana ɗaukar hoton mutane a cikin wannan hali. Ya ce wanda ruwa ya tona wa asiri, kada mu zo mu ƙarasa da waya.

Da aka ba da damar tambaya, wani saurayi daga Malumfashi ya miƙe ya ce, Allah Ya gafarta Malam, su sun yi gayya bara har sau biyu, amma kafin wata ya zagayo kwatar ta sake cika, har wasu sun ce ba za su ƙara fitowa ba. Malam ya yi murmushi ya tambaye shi sau nawa suke noman gonarsu a damina. Ya ce sau biyu, wani lokaci uku. Ya ce to ya taɓa jin babansa ya ce ya daina noma tunda ciyawa ta sake fitowa? Jama'a suka yi dariya. Malam ya ce a raba layin gida goma goma, kowane goma da saurayi ɗaya da zai riƙa duba kwalbatinsu duk bayan ruwa, aikin minti goma ne da manjagara in ba a bari ya taru ba, babbar gayya kuma a yi ta sau uku: kafin ruwan farko, da shigowar marka, da bayan kaka.

Wani kuma ya tambaya ko ya halatta a karɓi kuɗi a wurin masu gidaje. Malam ya ce gudummawar hayar amalanke ko a-kori-kura ba laifi, da sharaɗin mutum biyu su riƙe, a rubuta, a karanta a masallaci bayan an gama, kuma gidan da bai bayar ba a yashe ƙofarsa kamar ta kowa.

An tsayar da ranar Asabar bayan sallar Asuba a matsayin ranar fitowa. Aka roƙi mai shebur da mai diga da mai baro kowa ya zo da nasa, aka kuma wakilta mutum huɗu su bi hanyar ruwan da ƙafa ranar Alhamis tare da dattawan unguwa. Daga nan aka yi addu'a, samari suka naɗe tabarmi suka tsince filin kafin kiran Magariba.